Talla ya ishe ni a rediyon waya: ina ainihin FM ɗin ya shiga?

Tambaya: Na sayi sabuwar waya, na nemi rediyo a cikinta ban gani ba. Na sauke manhajoji uku daga Play Store, duk sunansu FM Radio, amma kowacce sai talla iri-iri, ga cin data, kuma da zarar data ta ƙare sai su yi tsit. Ƙaramar wayata ta da ba ta taɓa yi min haka ba. Yaya zan yi in saurari tashoshinmu ba tare da wannan damuwar ba?

Amsa: Malam, abin da ka sauke ba rediyo ba ne, shi ya sa. Suna kawai ya ara. Abubuwa biyu ne mabambanta suke amsa sunan rediyo a waya, kuma sai ka raba su kafin ka san inda za ka kama.

Na farko shi ne ainihin FM, irin na ƙaramar wayarka ta da. Gidan rediyo yana watsa shirinsa ta iska daga dogon ƙarfensa, a zangon da ya kama daga 87.5 zuwa 108, wata 'yar na'ura a cikin wayar kuma ta cafke shi. Babu ruwanta da layi, babu ruwanta da data, ko ka cire sim za ta yi aiki. Na biyu kuwa sauraro ne ta intanet. Gidan rediyon yana tura sautinsa zuwa wata kwamfuta, manhajar ta jawo maka shi da datarka. Android bai buɗe wa masu ƙera manhajoji na waje wata ƙofa ta bai-ɗaya da za su taɓa na'urar FM ta cikin waya ba, don haka kusan duk abin da ka gani a Play Store da sunan rediyo na biyun ne, ko da an rubuta a jikinsa cewa yana aiki ba intanet. Gwajin ba shi da wuya: kashe data, kashe Wi-Fi, ka kunna. Idan ya yi shiru, ba FM ba ne. Kada ka yi gwajin da yanayin jirgin sama, domin wasu wayoyin suna rufe har ainihin FM ɗin idan an saka su a wannan yanayin.

Mai irin wannan manhajar ba shi da gidan rediyo ko ɗaya. Adireshin tashoshin mutane ya tattaro ya jera, abincinsa kuma tallan da yake nuna maka ne. Shi ya sa kowace taɓawa take zuwa da bidiyo.

Ga lissafin datar kuma. Tashar da take turo sauti a kan 64 kbps tana cin kusan MB 29 a awa ɗaya. Mai 128 kbps tana cin kusan MB 58. Wanda yake sauraron awa uku kullum zai ƙone kimanin GB 2.6 a wata a kan ta farko, sama da GB 5 a kan ta biyu, kuma wannan sautin ne kaɗai, ba a saka bidiyon tallan da ake sauke maka da kuɗinka ba. Ga kuma jinkiri: abin da ke zuwa ta intanet yakan makara da daƙiƙa ashirin, talatin, wani lokaci har minti guda. Mai kiran waya a shirin kai-tsaye ya san wannan matsalar, haka mai jiran sanarwar shan ruwa da azumi.

Yanzu sai a duba ko wayarka tana da FM ɗin

Fara da jerin manhajojin da wayar ta zo da su. Nemi Radio ko FM Radio, ka leƙa cikin jakar da kamfanin ya tara ƙananan kayan aiki irin su kalkuleta da abin naɗar murya, domin can ake yawan ɓoye shi. Idan babu, shiga Settings, sai Apps, ka sa ta nuna har manhajojin tsarin waya. Wani lokaci yana nan an dai kashe shi ne, sai ka danna Enable. Idan nan ma babu, ɗauki cikakkiyar lambar samfurin wayar daga About phone, ka nema a GSMArena, shafin intanet da ke jera bayanan wayoyi, ka duba layin da aka rubuta Radio. Lambar samfuri nake nufi, ba sunan da ke jikin kwali ba, saboda waya mai suna ɗaya takan fito da FM a wata kasuwa, a wata kuma babu. Wannan yana yawan faruwa da wayoyin hannu da aka shigo da su daga Amurka ko Turai.

A dunƙule, ƙanana da matsakaitan wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne yake yin su, galibi suna zuwa da FM. Haka yawancin Redmi da ƙananan Samsung na jerin A masu ramin iyafis. Manyan wayoyi masu tsada su ne suka fi rasa shi. iPhone kuwa bai taɓa buɗe FM ba. A watan Satumba na 2017, bayan guguwoyin da suka yi ɓarna a Amurka suka katse layukan waya, shugaban hukumar sadarwar ƙasar na lokacin, Ajit Pai, ya fito fili ya nemi Apple ya kunna FM a wayoyinsa. Kamfanin ya amsa cewa iPhone 7 da iPhone 8 ba su da na'urar, ba su da eriyar da za ta kama. Mai iPhone kada ya ɓata lokacinsa wajen nema.

Mutane sukan ji cewa ai kowace waya tana da FM a ciki, kamfani ne ya kulle. Rabin gaskiya ce. A wayoyi da yawa ɓangaren FM yana zaune ne a guntun na'ura ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth, don haka yana iya kasancewa a ciki. Amma sai an ja masa hanya a kan allon wayar zuwa ramin iyafis, an kuma saka masa manhajar da za ta tuƙa shi. Idan ba a ja hanyar ba tun daga masana'anta, babu manhajar da za ka sauke ta gyara, kuma babu mai gyaran da zai yi maka filashin ya fito da shi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka FM a wayar da takardunta suka ce babu, riƙe kuɗinka. Ƙasashe irin su Meziko a 2017 da Indiya a 2023 sun matsa wa kamfanoni cewa idan na'urar tana ciki kada a kashe ta, kuma dalilinsu ɗaya ne: ranar da layi ya ɗauke, rediyo ne ke saura. Mu ma mun ga haka a Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Duk manhajar intanet ta mutu a lokacin, FM kuwa bai san an yi ba.

Maganar iyafis

Nan ne aka fi samun cikas, don haka bari in tsaya a kai. Wayar ba don ka ji sauti take neman iyafis ba. Igiyar iyafis ɗin ita ce eriya. Tsawon zangon FM a wajen 100 ya kai kusan mita uku na awo, eriya mai kyau kuma tana buƙatar kamar rubu'in wannan, wato santimita 75. Babu inda za a cusa wannan tsawon a cikin siririyar waya, sai aka ari igiyar iyafis, wadda yawanci ta ɗan haura mita ɗaya. Abin da ya biyo baya:

Warware igiyar ta miƙe. Idan ka naɗe ta ka cusa a aljihu, ka kashe rabin ƙarfinta.

Ba dole sai iyafis mai aiki ba. Tsohon da kunne ɗaya ya mutu, ko igiyar da ake haɗa waya da rediyon mota mai kai biyu, duk za su yi. Soka shi, ka shiga manhajar rediyon, ka danna alamar sifika, sautin zai fito waje kowa ya ji. Idan za ka yanke kawunan tsohon iyafis ka bar igiyar kawai, bar aƙalla santimita 75, ka kuma naɗe bakin da salatif don kada siraran wayoyin ciki su haɗu.

Iyafis na Bluetooth ba ya zama eriya, tunda ba shi da igiya. Wasu wayoyin suna yarda ka soka igiya a matsayin eriya sannan ka tura sautin zuwa Bluetooth, wasu ba sa yarda.

Idan wayar ba ta da ramin iyafis sai na caji irin USB-C, to abin ya danganta da irin mahaɗin da za ka haɗa iyafis da ramin cajin. Akwai wanda igiya ce zalla, akwai mai 'yar na'urar sauya sauti a cikin kansa. Mai na'urar yakan raba igiyar da cikin wayar, sai rediyon ya ci gaba da cewa ka saka iyafis alhali ga shi a soke. Gwada a shago kafin ka biya.

Idan ramin na nan amma wayar ta ƙi ganin iyafis, mafi yawan lokaci ƙura da zaren aljihu ne suka dunƙule a ƙasan ramin, kan iyafis ba ya kaiwa ƙarshe. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace ka zaƙulo a hankali. Kada ka sa allura.

Ƙananan wayoyi masu madannai da aka rubuta wa Wireless FM suna da 'yar eriya a ciki, suna kamawa ba iyafis. A cikin gari sun wadatar, amma idan ka yi nisa, soka igiya yana ƙara musu ƙarfi sosai.

Idan yana kamawa amma da shuu

Cire caja tukuna. Caja mai arha tana fitar da hayaniyar lantarki da ke bin igiya ta shiga rediyon kai-tsaye, kuma ita ce kan gaba wajen ɓata sauti. Ƙwayayen fitila na LED marasa inganci da inbata ma suna yin haka. Matsa kusa da taga ko ka fita tsakar gida, domin rufin kwano da ginin da aka zuba wa rodi suna tare zango. Sannan duba cikin manhajar ko akwai zaɓin Mono. Sautin sitiriyo yana buƙatar zango mai ƙarfi, idan ya yi rauni shi ne yake kawo wannan shuu ɗin, mayar da shi Mono yakan share kusan duka, kuma ga labarai da wa'azi babu abin da ka rasa.

Binciken tasha na kai-tsaye yana tsallake masu rauni, don haka gara ka rubuta lambar da hannunka. A Kano misali, Freedom tana kan 99.5, Arewa Radio 93.1, Rahma 97.3, Dala 88.5. Idan ka ga wayar tana tsallake wasu lambobin, kamar ta ƙi tsayawa a kan masu ƙarewa da lamba mai cika, to an saita yankinta a kan Amurka ne, inda tashoshi ke zama a kan .1, .3, .5, .7 da .9 kawai. Idan kuma ta fara daga 76, a kan Japan take. Canza yankin a saitin manhajar.

FM kusan iya ganin ido yake tafiya. Tsawon ƙarfen tashar, ƙarfin injinta da duwatsun da ke tsakani su ne ke yanke iyakarsa, yawanci 'yan gomomin kilomita. Mutumin da ke Legas ko Kumasi ba zai kama tashar Kano ta iska ba, komai kyan wayarsa. Kuma waya ba ta kama gajeren zango ko matsakaicin zango. Mai son sashen Hausa na BBC a gajeren zango, ko Rediyon Najeriya Kaduna a matsakaicin zango, sai dai ya nemi akwatin rediyo, ko ya jira tashar FM da ke karɓo shirin, ko ya bi ta intanet.

To, tallan fa?

Iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa daban.

Akwai tallan gidan rediyon kansa, wanda ke cikin shiri. Wannan babu saitin da zai cire shi, ko ta iska ko ta intanet. Da shi ake sayen man janareto a biya ma'aikata, tunda kai ba ka biyan komai. Ni ban ga laifin tasha ta yi talla ba. Inda laifi yake shi ne mai maganin da zai ce kwalba ɗaya tana warkar da ciwon suga, hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya. A Najeriya tallan magani sai da izinin NAFDAC, hukumar ARCON ce ke tantance talla, NBC kuma ke kula da tashoshin, kuma mai sauraro yana da damar kai ƙorafi idan ya riƙe sunan tasha, rana da lokaci. Yawancin manhajojin FM na cikin waya suna da maɓallin naɗa, ka naɗi tallan ya zama hujja. Don sauƙin kunnenka kuwa, ajiye tashoshi huɗu ko biyar a jerin waɗanda ka fi so, idan aka shiga dogon talla ka tsallaka ka dawo. An fi cunkusa shi gab da labarai da tsakiyar shirye-shiryen siyasa na dare, don nan ne jama'a suka fi taruwa. Abin da ya sa kake jin talla ya fi shiri ƙara kuma, matse sautinsa ake yi wajen haɗawa yadda babu wurin da murya ke sauka.

Na biyu shi ne tallan manhaja: hoton da ke ƙasa, bidiyon da ke rufe fuskar waya, da muryar da ake sakawa kafin tasha ta fara. Wannan shi ne ya dame ka, kuma shi ya fi sauƙin kawarwa. Idan wayarka tana da ainihin FM, goge manhajoji ukun nan, ka kashe data lokacin sauraro, magana ta ƙare. Ko manhajar kamfanin tana da ɗan gurbin talla, ba ta da ta inda za ta jawo shi idan data a kashe take.

Idan dole sai ta intanet, saboda wayar ba ta da FM ko kana nesa da gida, bi ɗaya daga cikin waɗannan. Ka fara da shafin tashar ko manhajarta ta kanta, ka tsallake ɗan tsakiya. Ko ka yi amfani da manhajar da ba a gina ta don talla ba, irin RadioDroid ko Transistor, waɗanda ake samu a F-Droid, wani rumbun manhajoji na kyauta daban da Play Store. RadioDroid tana ɗauko jerin tashoshi daga wani kundi da masu sa-kai suke cikawa, don haka wata tashar za ka same ta, wata adireshinta ya mutu. Ko kuma, idan ka samu adireshin sautin tashar kai-tsaye, ka liƙa shi a VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, ta wurin buɗe sautin intanet, ka ajiye. Babu hoto, babu bidiyo. A Play Store kuwa, kafin ka sauke komai, duba ƙarƙashin sunan ko an rubuta Contains ads. Kuma manhajar rediyo ba ta da hujjar neman lambobin mutanenka, saƙonninka ko kyamara. Wadda ta nema, ƙyale ta.

Akwai kuma saitin da ke toshe yawancin tallan hoto da bidiyo a wayar gaba ɗaya, ga mai Android 9 zuwa sama. Shiga Settings, sai Network & internet ko Connections, ka nemi Private DNS, ka zaɓi wurin rubuta suna, ka saka dns.adguard-dns.com, ka ajiye. Abin da yake yi shi ne ya ƙi nuna wa wayar hanyar zuwa rumbunan talla. Iyakarsa: ba ya cire tallan da aka ɗinke cikin sautin kansa, ba ya cire na YouTube ko Facebook saboda daga gida ɗaya suke fitowa da abin da kake kallo, kuma sunayen shafukan da wayarka ke nema za su riƙa bi ta hannun wannan kamfanin. Idan wata manhaja ta ƙi buɗewa, ko Wi-Fi na otal ko makaranta ya ƙi shiga, mayar da saitin kan Automatic. Goge lambar talla ta Google da wasu ke ba da shawara ba ya rage yawan talla, bibiyarka kawai yake ragewa.

Ina gargaɗinka da manhajojin da aka fasa, waɗanda ake turawa a WhatsApp da Telegram da sunan an cire musu talla. Ba ka san me aka saka a madadin tallan ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take.

Na uku shi ne tallan da ke faɗowa ko ba ka buɗe rediyon ba: a kan fuskar kulle, a cikin sanarwa, ko ya rufe maka waya kana tsakiyar rubutu. Idan ya fara ne bayan ka sauke manhajojin nan, ɗaya daga cikinsu ce. Shiga Settings, Apps, Special app access, Display over other apps, ka ƙwace wannan izinin daga duk wadda ba ka yarda da ita ba. Duba jerin manhajoji har ƙasa, domin masu wannan halin sukan ɓoye da farin tambari ko ba suna. Idan ba ka gane mai laifin ba, kunna wayar a Safe mode, inda manhajojin da ka sauke ba sa tashi. Idan tallan ya tsaya a can, sai ka dawo ka riƙa gogewa ɗaya bayan ɗaya, daga ta baya-bayan nan. Leƙa Chrome ma, a Site settings, Notifications, ka cire shafukan da ka taɓa danna wa Allow ba ka sani ba. Mai Redmi zai iya janye izinin msa a Authorization & revocation, wanda shi ne ke ɗauko yawancin tallan kamfanin.

Idan kuma ka lura katinka yana raguwa tun da ka fara amfani da su, mai yiwuwa wani tallan da ka taɓa ya yi maka rajistar wani tsari mai cire kuɗi. A layukan Najeriya danna *305# ka duba ka soke, sannan ka tura STOP zuwa 2442 don rufe saƙonnin talla.

Idan bincike ya nuna wayar ba ta da FM, kuma sauraronka ya kai awa biyu ko uku a rana, shawarata kada ka ɗora wa data wannan nauyin. Ƙaramar waya mai madannai tana kwanaki da caji ɗaya tana rediyo. Sifikokin Bluetooth da yawa na kasuwa suna da FM, kuma a galibinsu igiyar caji ce eriya, sai ka soka ta a jikin sifikar ka bar ɗaya bakin a sake. Akwatin rediyo irin Kchibo kuwa ya fi su duka, don yana da eriyar ƙarfe da ake ja, yana kuma kama gajeren zango da matsakaici. Wajen saye, ja eriyar gaba ɗaya, ka murɗa daga 88 har 108 a cikin shagon, ka tabbata tashoshin da ke kusa da juna ba sa hawa kan juna, sannan ka jijjiga maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙaraurawa.